DAGA BAKIN ALLO: Sabo Ake Yi Wa Kuka

Hausawa na cewa ba mutuwa ake yi wa kuka ba, sabo ake yi wa. Wannan magana mun fi jin ta a wurin zaman makoki, inda manya ke ba juna haƙuri, amma ba kasafai muke tunawa da cewa wanda ya fi kowa kukan sabo shi ne ƙaramin yaro ba, shi da ba shi da bakin da zai faɗi abin da ya rasa. A wannan wata ina so mu duba wannan sabo na yara, wanda masana ke kira shaƙuwa, mu ga yadda yake ƙulluwa, da abin da ke tsinka shi a Zangunanmu na yau, da kuma irin taimakon da gidan da abin ya shafa yake bukata daga gare mu.

ZANGON FARKO

Ɗan akuya da an haife shi, kafin a jima ya miƙe ya bi uwarsa. Ɗan Adam kuwa sai ya kusa shekara kafin ya taka ƙasa. Ba shi da wata dabarar tsira in ban da kuka, da murmushi, da ƙanƙame wanda ya ɗauke shi. Ya ji yunwa ya yi kuka, aka zo. Ya jiƙe ya yi kuka, aka zo. Ya firgita cikin dare, ya ji hannun da ya sani. In aka yi haka sau ɗari, sau dubu, sai wani abu ya zauna a zuciyarsa, wato cewa in ya kira za a amsa. Daga wajen wata shida zuwa takwas sai ka ga ya fara zaɓen mutanensa, baƙo ya miƙo hannu ya juya masa baya. Wannan shi muke kira ƙiwa, kuma ko da yake takan ba uwa kunya a gidan suna, alama ce ta lafiya, domin tana nuna yaro ya san nasa.

Ku lura da yaro mai rarrafe a tsakar gida. Zai bar uwarsa tana tankaɗe ya tafi wajen murfin tukunya, ya ɗan yi wasa, ya waiwayo ya ga tana nan, ya ci gaba. Zakara ya yi cara kusa da shi, sai ya sheƙo ya kama zaninta, hankalinsa ya kwanta, ya sake komawa. Kakanninmu fatake da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga neman goro, abin da ya ba su ƙarfin halin ratsa daji shi ne sanin cewa akwai zango a gaba, akwai mai masauki da zai karɓe su. To uwa, ko wadda ta tsaya a matsayinta, ita ce zangon yaro na farko. Wanda ya tabbata zangonsa na nan, shi ke da zuciyar fita ya koyi duniya. Wanda bai tabbata ba kuwa, hankalinsa duk yana wajen tsaron kansa, ko da yana zaune a aji gaban allo.

ABIN DA MASANA SUKA GANO

Wanda ya fara tsara wannan ilimi wani likita ne ɗan Ingila mai suna John Bowlby. A 1944 ya buga bincikensa a kan yara 44 da aka kawo asibitinsu a Landan saboda sata. Ya ware 14 daga cikinsu waɗanda ya ga kamar ba su damu da kowa ba, sai ya tarar 12 cikin 14 ɗin an raba su da iyayensu mata na dogon lokaci tun suna ƙanana. A 1951 ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a kan yaran da suka rasa gida bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Daga baya wani likitan, Michael Rutter, ya yi masa gyara a 1972, ya nuna cewa rabuwa da mahaifiya ita kaɗai ba ta cika yin wannan ɓarna ba. Abin da ya fi ɓarna shi ne yaro ya tashi ba shi da kowa tsayayye, ko ya tashi cikin gidan da kullum ake faɗa.

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne kawai, domin wani ɓangare na ilimin a Afirka aka samo shi. Abokiyar aikin Bowlby, Mary Ainsworth, ta zauna a Yuganda a 1954 da 1955, tana zagaya gidaje 26 a ƙauyukan da ke kusa da Kampala, tana zama ta kalli yadda uwa da jariri ke hulɗa. A can ta fara lura da wannan fita da dawowa da na kwatanta a sama, ta kuma ga cewa iyaye matan da suka fi gane nufin kukan 'ya'yansu, su ne 'ya'yansu suka fi natsuwa.

Har mu kanmu an yi nazarinmu. A 1977 wasu masana daga Amurka, cikinsu har da Robert Marvin da Robert LeVine, sun buga abin da suka gani a kan jarirai 18 na Hausawa a arewacin Nijeriya. Sun tarar kowane jariri hannuwa da dama ke renonsa, ya kuma shaƙu da mutum uku ko huɗu, amma a cikinsu akwai ɗaya da ya fi nema in ya shiga damuwa, kuma wannan ɗayan ita ce wadda ta fi ɗaukarsa da yi masa wasa, ko da ba ita ke ba shi nono ba. A nan Ghana ma, Enid Schildkrout ta yi nazarin riƙon yara a Zangon Kumasi, Esther Goody kuma ta yi a ƙasar Gwanja, dukansu sun nuna yadda riƙo ke ƙulla zumunci, yana kuma koya wa yaro sana'a da ladabi.

Ke nan yawan hannuwa bai taɓa zama illa ga yaro ba, riƙo ma haka. Mu da muka san cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha nono wurin Halimatu Sa'adiyya, ya rasa mahaifiyarsa yana ɗan shekara shida, kakansa ya riƙe shi, sannan baffansa Abu Ɗalib, ba ma bukatar a gaya mana cewa wanda bai haifa ba yana iya reno. Sharaɗin dai ɗaya ne: cikin hannuwan nan a sami wanda ba ya gushewa, kuma in dole ta sa a sauya hannu, a sauya da sannu.

INDA IGIYAR KE TSINKEWA

Al'adunmu na reno an gina su ne a kan babban gida, mai kaka da gwaggo da matan 'yan'uwa a tsakar gida ɗaya. Yau kuwa saurayi ya yi aure ya kama ɗaki ɗaya na haya a Ashaiman ko Aboabo, mun riƙe al'adar, amma gidan da ke tallafe da ita babu shi.

Mu ɗauki yaye. A da, in yaro ya kai wajen shekara biyu, a shafa wa nono ɗaci, a kai shi ɗakin kakarsa ya yi kwanaki har ya manta. Amma wace kaka? Wadda tun ranar suna take goyonsa, wadda ɗakinta ke kallon na uwarsa, ko gidanta ke bayan masallaci. Nono kawai ya rasa. Yau kakar tana Bawku ko Yendi, yaron yana Nima, bai taɓa ganinta ba sai a waya. A sa shi a mota a kwana ana tafiya, a ajiye shi, uwa ta sulale tun yana barci. A dare ɗaya ya rasa nono, da uwa, da ɗaki, da duk wata fuska da ya sani. Zai yi kuka kwana biyu ko uku, sannan ya yi shiru, mu ce ya haƙura. Bowlby da wani abokin aikinsa, James Robertson, sun lura da wannan shirun a yaran da aka kwantar asibiti ba tare da iyayensu ba: da fari bore, sannan fid da rai, sannan yaro ya nuna kamar bai damu ba. Sau da yawa abin da muke kira haƙuri fid da rai ne.

Haka kuma kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa gaban mutane, kuma a babban gida wannan bai cutar da kowa ba, domin kaka ta ɗauke shi ta mai da shi ɗan lele. To amarya a ɗakin haya, miji ya fita tun asuba, in ta ce za ta yi kunyar ɗan fari kamar yadda ta ga uwarta ta yi, wa zai yi wa yaron magana? Kunya ado ce, amma 'yata, in kin rufe ƙofa ku biyu ne, ki dube shi ki yi masa hira.

Sai tafiya neman kuɗi. Mata nawa ne daga unguwanninmu suka tafi aikin gida Saudiyya ko Kuwaiti suka bar na goye? Wahalar da wasunsu suka sha ta kai har gwamnati ta dakatar da ɗaukar 'yan aikin gida zuwa waɗannan ƙasashe a 2017. Maza kuma sun bi ta Agadas zuwa Libiya da Italiya. Ba wanda ya isa ya zargi uwar da talauci ya kora, amma a dubi abin da kan faru bayanta: wata shida yaron na wurin kaka, kaka ta kwanta ciwo a miƙa wa inna, mijin inna ya yi ƙorafi a miƙa wa gwaggo. Kafin ya shiga aji ɗaya ya zauna gida huɗu. Irin wannan ne kuma ke samun ɗan da auren iyayensa ya mutu, yau yana agola a gidan mijin uwa, gobe uba ya aiko a ƙwace shi don fushi, jibi matar uba ta ce ba za ta iya ba. Ga kuma 'yan matan da ke dakon kaya a Makola da Kejetia, waɗanda ke barin jariri a gindin rumfa hannun yarinya 'yar shekara bakwai tun safe har magariba.

Akwai kuma rabuwar da ba a gani, inda uwa tana nan amma zuciyarta ba ta nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar takan shiga matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, mafi yawa ciwon baƙin ciki. Lokacin jego ana kewaye da ita, da an yi arba'in kowa ya watse. Sai ka ga ba ta barci, ba ta cin abinci, jariri na kuka tana kallon bango. Mu ce ta cika son jiki, alhali ciwo ne mai magani.

DARASIN RUMANIYA

Wani zai ce, to ai gara a kai irin waɗannan yara gidan marayu, inda akwai abinci da gado. Kafin mu yanke haka mu dubi abin da ya faru a Rumaniya, wata ƙasa a gabashin Turai. A 1966 shugabanta Ceausescu ya kafa dokar tilasta yawan haihuwa, talakawa suka haifi 'ya'yan da ba za su iya ciyarwa ba, gwamnati ta kwashe su. Da mulkinsa ya faɗi a Disambar 1989, aka tarar da yara sama da 100,000 a gidajen gwamnati, jarirai jere cikin gadaje, ma'aikaciya ɗaya da yara fiye da goma, yau wannan gobe waccan. Da yawansu sun daina kuka, domin sun gane ba mai zuwa.

Daga shekarar 2000 masana suka bi yara 136 na irin waɗannan gidaje a birnin Bukares. Rabinsu aka samar musu iyayen riƙo da aka horar, ana kuma tallafa musu, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Da suka kai shekara uku da rabi, kusan rabin waɗanda aka ba riƙo sun sami shaƙuwa mai kyau, a ɗaya ɓangaren kuwa ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu su suka fi murmurewa. Abin da za mu ɗauka a nan biyu ne: igiyar da ta tsinke tana ƙulluwa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan na daga cikin dalilan da suka sa gwamnatin Ghana, tun daga 2007, ta ɗauki manufar rage dogaro da gidajen marayu da mayar da yara cikin dangi, ta kuma fitar da ƙa'idojin riƙo a 2018. Bincike a nan da sauran ƙasashe ya sha nuna cewa mafi yawan yaran da ke waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su.

YADDA ABIN KE BAYYANA

Mu malaman makaranta muna ganin waɗannan yara kowace shekara, kuma kusan kala uku ne. Akwai wanda zai faɗi ya fasa gwiwa, jini na zuba, ba zai yi kuka ba, ba zai nemi kowa ba, in ka matso ka lallashe shi sai ya sandare. Akwai wanda ke manne da uwarsa ko malamarsa kamar ƙaska, ta tashi ya yi ta ihu, ta dawo ya kai mata duka. Akwai kuma wanda kowa nasa ne: baƙo ya shigo makaranta yau, ya haye cinyarsa, in ya ce zo mu tafi sai ya bi shi ko waiwaye babu. Wannan na uku shi muka fi yabo, mu ce yaron nan ba shi da ƙiwa, alhali shi ya fi zama cikin haɗari, domin shi mugu zai fi saurin ja. Yaron babban gida ma yakan saba da mutane, amma shi in ya ji ciwo ya san wurin wa zai gudu. Wannan ita ce tambayar da za a yi: in ya tsorata, wa yake nema?

Tare da waɗannan akan ga ɓoye abinci a aljihu ko ƙarƙashin tabarma ko da an ƙoshi, da fitsarin kwance bayan an daina, da ƙaryar da ba ta da dalili, da ɗauke-ɗauke, da fushi mai tsanani a kan abu kaɗan. Abin mamaki, wanda ya fi kyautata masa shi ya fi wahalarwa. Dalili kuwa, an sha barinsa, saboda haka yana gwada ki ne, Hajiya, ya ga ko ke ma za ki kore shi. In kika tattara kayansa kika mayar, kin tabbatar masa da abin da yake zato.

Amma a yi hattara, kada kowa ya zama likita. Ciwon shaƙuwa mai tsanani, wanda likitoci suka kasa gida biyu tun 2013, wato na mai janye jiki da na mai bin kowa, ba shi da yawa, kuma ba a cewa yaro na da shi sai an tabbatar ya sha rashin kulawa ƙwarai. Yaro na iya yin shiru don kunnensa ba ya ji sosai, ko don yana da lalurar da ake kira otizim, wadda ba ta da alaƙa da sakacin iyaye, ko don yunwa da ƙarancin jini. Saboda haka matakin farko shi ne a kai shi a duba lafiyarsa.

Abin da bai kamata ba shi ne a ce ɗan ruwa ne, ko maye, a kai shi inda za a ɗaure shi ko a yi masa duka da sunan fitar da aljani. Addu'a muna yi, kuma za mu ci gaba, amma addu'a ba ta bukatar mari ko sarƙa. Turawa ma sun faɗa irin wannan rami. A shekarar 2000, a jihar Kolorado ta Amurka, wasu masu da'awar maganin ciwon shaƙuwa sun naɗe wata yarinya 'yar shekara 10 cikin mayafi suka danne ta da matasai, wai za a sake haihuwarta, har numfashinta ya ɗauke ta mutu. Biyu daga cikinsu aka ɗaure su shekara 16 kowacce. Duk maganin da ya ƙunshi tsoratar da yaron da tsoro ne ciwonsa, ƙari ne a kan ciwo.

ABIN DA ZA A YI A GIDA

Na farko, dangi su zauna su tsayar da mutum ɗaya. Kafin uwa ta yi tafiya, ko bayan rasuwa, a yi shawara ta gaskiya: wa zai iya riƙe yaron nan shekaru, ba watanni ba? A fifita wanda yaron ya riga ya sani a kan wanda ya fi kuɗi, mai kuɗin ya taimaka da aljihunsa. In da hali kada a raba shi da 'yan'uwansa.

Na biyu, in za a rabu a shirya. In yaye ne, a rage nono da sannu, kakar ta zo ta zauna mako biyu ko uku tukuna, ko uwar ta je ta zauna tare da su. A bar masa zanin goyonsa. Kada a sulale yana barci, kada kuma a ce masa "zan je in sayo maka alewa" alhali shekara biyu za a yi. Yaro ɗan shekara uku yana gane "zan yi tafiya, Kaka za ta kula da kai, zan riƙa kiranka." Zai yi kuka, amma kukan sallama ya fi kukan yaudara saurin warkewa. A tsayar da ranar kira ta WhatsApp, ko Juma'a ko Lahadi, kada a saɓa.

Na uku, ke da kika dawo daga tafiya da akwatuna, in ɗanki ya ɓuya bayan kakarsa ya kira ki Anti, ki daure, kada ki ce an raba ki da shi. Kakar nan ita ce zangonsa yanzu, kuma alheri ta yi miki. Kada ki ɗauke shi ranar. Ki zauna kusa, ki yi masa wanka, ki raka shi makaranta, har ya fara nemanki da kansa.

Na huɗu, a tsare lokaci. Yaron da rayuwarsa ta sha juyawa yana samun natsuwa in ya san bayan sallar asuba koko, bayan makarantar allo tuwo, bayan isha tatsuniya. A ware masa ko minti goma a rana wanda nasa ne shi kaɗai, a bar shi ya ja wasan.

Na biyar, horo ba tare da kora ba. Ba cewa na yi a bar yaro ya yi abin da ya ga dama ba. In ya ɗauki kuɗi ya mayar, in ya fasa ya share. Amma a cire kalmomin nan daga baki: "zan mayar da kai inda aka ɗauko ka", "uwarka ma ta gudu ta bar ka". Bulala takan warke, waɗannan ba sa warkewa da wuri. Ita ma bulalar, Hukumar Ilimi ta Ghana ta hana ta a makarantu tun 2017, kuma ga irin wannan yaro ba ta koya masa komai sai cewa babba abin tsoro ne. Abokan aikina malamai, ku zaunar da shi gaba, ku gaishe shi da sunansa kowace safiya, ku ba shi aikin share allo, in za a yi muku canjin makaranta ku gaya masa tun da wuri.

WA ZAI RIƘE MAI RIƘO?

Duk wannan da sauƙin faɗa. Amma ku dubi wadda muke ɗora wa nauyin: tsohuwa mai shekara sittin da wani abu, tana tashi ƙarfe uku na dare ta dama kokon sayarwa, ga hawan jini, ga jikoki huɗu, ɗaya yana jiƙa tabarma kullum. In haƙurinta ya ƙare, laifin wa? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kuma taimakon ba sai na masu digiri ba. A unguwar Khayelitsha ta talakawa, kusa da birnin Kef a Afirka ta Kudu, an yi gwaji da mata masu ciki 449. Aka horar da wasu matan unguwa, waɗanda ba nas-nas ba ne, suka riƙa ziyartar rabinsu a gida sau 16, daga ƙarshen ciki har jariri ya kai wata shida, suna sauraron uwa, suna nuna mata yadda za ta gane abin da jaririnta ke nufi. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna cewa a wata 18, kashi 74 cikin ɗari na yaran da aka ziyarta sun sami kyakkyawar shaƙuwa, a sauran kuwa kashi 63. Wannan aiki ne da magajiyoyinmu da ƙungiyoyin matanmu za su iya, in an ɗan horar da su. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin anko da adashi, wanda a nan muke kira susu, tana iya tsara wadda za ta riƙa leƙa mai jego bayan arba'in, da wadda za ta karɓi jikokin tsohuwa yini ɗaya a mako ta huta.

Kwamitocin masallatai kuma su sake duba inda sadakarmu ke zuwa. Kai buhun shinkafa gidan marayu ranar Salla alheri ne, amma baƙi su rungumi yara na awa ɗaya, a ɗauki hoto, a tafi, wannan yana ƙara musu ciwon nan na bin kowa. Marayun da suka fi yawa suna cikin lungunanmu, a hannun kakanni da zawarawa. Kowane masallaci ya san su gida-gida, a biya musu kuɗin littafi, a sabunta musu katin inshorar lafiya, a ƙara wa mai riƙon jari.

Akwai kuma haƙƙoƙin da doka ta ba mu, waɗanda sau da yawa ba ma nema, ko don rashin Turanci, ko don tsoron ofis. Dokar Yara ta 1998 ta wajabta wa uwa da uba ciyar da ɗansu da ilmantar da shi, ko suna tare ko sun rabu. Uban da ya ƙi, ana iya kai maganarsa ofishin Jin Daɗin Jama'a na gunduma, wato Soshal Walfiya, in sulhu ya gagara a wuce kotun iyali. A wannan ofishi ne kuma ake tambayar shirin LEAP, wanda tun 2008 yake ba gidaje matalauta masu riƙon marayu ɗan tallafin kuɗi. In ana cutar da yaro, akwai sashen 'yan sanda na DOVVSU. Uwar da ta ji zuciyarta ta yi nauyi ta gaya wa nas ranar awo, domin bayan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2012 an ƙara baza ma'aikatan wannan fanni a asibitocin gunduma, ba sai an je Pantang ko Ankaful ba. Matasanmu da suka yi boko, ga aikin lada: ku raka tsohuwa ofis, ku yi mata tafinta, ku cike mata takarda.

Iyaye maza, ban manta da ku ba. Kuɗin cefane wajibi ne, amma yaro ba ya shaƙuwa da kuɗin cefane. Ku ɗauki jariri in kun dawo, ku riƙe hannun na tsaye zuwa masallaci, kuma in aure ya mutu kada ku mai da ɗa sandan dukan uwarsa.

Muna cewa ɗa na kowa ne, kuma gaskiya ne. Sai dai mu kula kada ɗan kowa ya zama ba na kowa ba. Kowane yaro a Zango ya kamata a iya nuna mutum ɗaya a ce wannan ce tasa, sauranmu kuma mu tsaya bayanta. Wanda ya san wani gida a lungunsu da ke fama da irin wannan yaro, ya fara da sallama da tambayar me za a taimaka da shi, kafin ya ba da shawara.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya saka wa masu riƙon marayu da alheri. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.